A Tambayi Baba

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na wurinki.

To madalla. Wannan dai ba ta dawa ba ce, babu kura babu zomo a cikinta. Ta cikin ofis ce, mai fanka da labule da kujera mai juyawa, sai kuma wani ɗaki guda a ƙarshen lungu inda wani tsoho yake kwance.

Akwai wata mata, ita ce auta a gidansu, har furfura ta fara leƙo mata a goshi ba a daina ce mata Auta ba. A wurin aiki kuwa Uwar Rumbu ake kiranta, bari ku ji dalili. Ofishinsu na fassara ne, a saman bene, ƙasansu mai gyaran tabarau ne da wani tela. Littattafan koyon aiki suke juyawa daga wani harshe zuwa namu: na masu jinya, na masu gyaran famfo, na masu kiwon kaji. Su goma sha ɗaya ne masu fassarar, kowa da irin bakinsa. In aka sake musu, sai ƙarfe ɗaya ya fito da suna huɗu a littafi ɗaya, mai karatu ya tafi kasuwa neman ƙarafa huɗu. Shi ya sa aka gina rumbun kalmomi a cikin kwamfuta, wanda duk mai fassara zai leƙa kafin ya rubuta komai, aka damƙa wa Auta makullinsa.

Yadda abin yake, kowace kalma gida ake gina mata, mai ɗaki biyar. Ɗaki na farko ita kanta kalmar. Na biyu ma'anarta. Na uku misalin yadda ake faɗinta a magana, na huɗu takwararta a ɗaya harshen. Na biyar kuwa na wanda aka ji ta a bakinsa ne, da ranar da aka ji. In ɗakunan sun cika, an kuma tabbatar, sai a sa wa gidan koriyar alama, masu fassara su ɗauka su yi aiki. In da saura, alamar rawaya ce, wato a dakata.

Auta ce ta zana wannan tsari da hannunta, ita ta kuma kafa masa doka biyu. Ta farko, ba a barin ɗakin ma'ana wayam. In ka bar shi haka, kwamfutar ma ba za ta karɓi kalmar ba. Ta biyu, ba a yarda da tambaya ɗaya. Duk wanda ya ba ka ma'ana yau, sai ka bar 'yan kwanaki ka koma, ka birkita jerin, ka sake tambayarsa kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. In bakinsa ya zo ɗaya, to kore. A kan waɗannan biyun ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ta taɓa sa wani babban mai fassara, mai gemu har ƙirji, ya koma asibiti sau uku saboda sunan wata jijiya, ya dawo yana ƙunƙuni wai ko surukarsa ba ta taɓa tsare shi haka ba.

To, uban Auta mai haƙa rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana nutsewa cikin ƙasa da igiya a ƙugu. Su huɗu ne a tare: shi da wasu biyu suna sauka, na huɗun, wanda ake ce wa Dogo, yana sama riƙe da igiya. Masu wannan aiki suna da maganarsu ta kansu. Mu a wurinmu ƙasa ƙasa ce, ko ja ko baƙa. Su kuwa duk kamu biyu da aka nutsa sunanta daban. Akwai sunan ƙasar da ke yi maka alkawarin ruwa ta yi ƙarya. Akwai sunan ƙarar da bango ke yi kafin ya zubo. Akwai na iskar ƙasan rami mai kashe fitila, da na wadda ba ta taɓa fitila amma tana kwantar da mutum.

Wata shekara Auta ta ɗauki hutu, ya zamana tsofaffin nan sun ajiye aiki, kullum suna taruwa a ƙofar gidan Baba, sai hira. Ta jawo kujera ta zauna gefe da littafi, duk kalmar da ta faɗo wadda ba ta sani ba ta cafke. Da ta ce su tsaya su yi mata bayani, sai Baba ya ce ta bari kar ta kashe musu hira, shi ai yana nan, ranar da ta shirya zai warware mata su ɗaya bayan ɗaya. Cikin mako biyu ta tara ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta koma ofis jiki na rawa ta zuba su a rumbu. Kwamfuta ta ƙi karɓa, tunda ɗakin ma'ana ba komai. Dokarta ce ta tare mata hanya. Sai ta yi 'yar dabara: a kowane ɗakin ma'ana ta rubuta “a tambayi Baba”. Kwamfuta ta ga rubutu, ta haɗiye. Ta sa musu rawaya, ta ce a ranta mako mai zuwa.

Mako mai zuwan nan shekara bakwai ya yi yana zuwa.

Kar ku ce lalaci ne, ba shi ba ne. A shekarun nan ta yi tafiyar kwana biyu a mota don ta riski wata tsohuwar ungozoma da ranta. Ta yi sati guda wurin masunta, sauro ya kusa cinye ta. Duk wanda aka ce mata ya tsufa kuma yana nesa, sai ta ɗauki jaka. Baba kuwa tafiyar minti goma sha biyar ce daga gidanta, kuma ƙarfinsa har ya fi na wasu samarin. Duk ƙarshen mako tana zuwa gaishe su. Yana hango ta zai ce, “Malama, yau an zo da biron, ko an sake mantawa?” Ta ce mako mai zuwa, Baba. Ya ce to Allah ya kai mu, kalmomin dai ba tumatir ba ne balle su ruɓe. A hankali abokan saukarsa biyu suka rasu, wannan bana, wancan baɗi. Ta je ta yi gaisuwa ta dawo, ko sau ɗaya rumbu bai faɗo mata a rai ba, tunda Baba yana nan.

Ran nan da hantsi Baba ya sunkuya zai sa takalmi, bai ɗago ba. A asibiti likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a kansa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, idonsa tar. Amma duk abin da ya ɗauko zai faɗa, “to” kaɗai ke fita. In ƙishi ya kama shi, to. In ciwo ya taso, to. Aka dawo da shi gida, aka sa masa gado a ɗakin da ke kusa da ƙofa, Inna, mahaifiyar Auta, tana jinyarsa.

Wata biyu Auta ba ta tuna da wata kalma ba, kullum tana tsakanin kantin magani da gidan iyayenta da ofis. Injiniya ne ya tuna mata. Shi ke kula da kwamfutocin ofis, mutum ne mai barkwanci, ba ya shiga ɗaki sai da tsokana a bakinsa. A lokacin ana shirin kwashe kalmomi zuwa sabon rumbu, shi ma Auta ce ta zana shi, ta kuma sa hannu cewa mai koriyar alama kaɗai za ta yi ƙaura. Tsohon rumbun za a rufe shi nan da mako shida, domin injin da ke ɗauke da shi ya gaji. Injiniya ya shigo da takarda yana dariya, ya ce uwar ɗakina, yau na kamo miki ɓarawo, wani ya cika ɗakin ma'ana da magana ɗaya har sau ɗari biyu da sha huɗu. Ya ce don Allah a nuna masa wannan Baban da ya san komai, shi ma yana da tambayoyi. Ya ajiye takardar a gabanta. Da ya dubi fuskarta sai dariyar ta ɗauke. Ya san abin da ke gidansu, shi ma ya kai ta asibiti a motarsa ranar da abin ya faru. Bai dai haɗa biyun ba ne.

Ya ba ta haƙuri. Ya ce ai ba abin tashin hankali ba ne, zai kwafe mata su a wani wuri, ko ɗaya ba za ta ɓace ba.

Ta ce, “Ka kwafe me, Injiniya? Ɓawo ne wannan. Abin cikin yana kan gado a gidanmu.”

Da yayanta ta fara. Direban babbar mota ne, rabin shekararsa a hanya yake yi. Yana saurayi ya yi wa Baba kwasar ƙasa shekara huɗu, sannan ya gudu, ya rantse ko rijiyar zinariya ce ba zai ƙara leƙawa ba. Ta kira shi a waya yana wani gidan mai, tana karanto masa yana cewa wuce, wuce, wuce. Can sai ya fashe da dariya, ya ce wannan kam ya san ta, ita Baba ke ƙwala masa daga ƙasan rami in ya saki guga da ƙarfi. Duk waɗanda ya sani irin waɗannan ne, na faɗa da na tsawa. Bayan kwana huɗu ta sake kira, ta birkita jerin. Ya ce haba Auta, har ni ma sai an yi min ta ofis? Ta ce har kai, Yaya. Tara suka zo daidai. Kafin ya kashe wayar ya tambaya ko Baba yana cin abinci. Ya ce da ya san haka za a yi, da ya buɗe kunne a shekarun nan huɗu maimakon kumbura baki.

Daga nan sai Dogo. Yana zaune wurin 'yarsa a bayan tashar mota, ido ya yi rauni amma baki garau. Ya karɓe ta hannu bibbiyu. Kwana uku tana zuwa, kuma duk kalmar da ta ɗauko Dogo yana da amsarta a shirye, ko tunani ba ya tsayawa yi. Wannan yashi ne mai ruwan toka da ake samu bayan an wuce marmara. Wannan ɗaurin igiya ne na mai sauka. Wannan kuma kaza. Har da labari a kai, a wane ƙauye ne, wace shekara, matar wa ta kawo musu ruwan sha ta zubar a hanya. Tamanin da takwas ta samu. Ta koma ofis tana tafiya kamar an sauke mata dutse daga ka, har Injiniya ya ce yau uwar ɗakinsa ta yi dariya, a rubuta a kalanda.

Ta zuba su a ɗakunansu, amma ta bar su da rawaya. Hannunta ya je kan kore ya dawo ya fi sau nawa. Can ƙasan ranta ta san amsoshin nan sun zo da sauƙi fiye da kima. Kwana shida ta yi tana ja da baya, ran na bakwai ta birkita jerin ta koma bayan tasha.

Kalmar da ta zama yashi mai ruwan toka wancan makon, yau ta zama ɗaurin igiya. Ɗaurin igiya ya zama sunan wata ƙaramar diga. Labaran ma duk sun sauya ƙauye. Auta tana ta rubutu. Da suka kai rabi Dogo ya tsaya da kansa. Ba ya ganinta sosai, amma yana jin numfashinta.

Ya ce, “'Yata, ba su zo ɗaya ba ko?”

Ta ce ba su zo ba, Baba Dogo.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, “Ni fa a sama nake. Shekara talatin ran ubanki yana hannuna, amma ko sau ɗaya ban taɓa sauka ba, tsoron rami nake ji. Abin da suke faɗa a ƙasa, sautinsa kawai ke iso ni. Da kika zo na ji yadda muryarki take, sai na kasa ce miki ban sani ba.”

Ba ta yi fushi da shi ba. Ina za ta sa fushin? Ta gode masa, ta ƙarasa jerin don kar ya ji kunya. Sha biyu ne suka tsaya, duk na igiya da na bakin rijiya. Sauran saba'in da shida ta zauna a ofis ta goge ma'anarsu da hannunta.

Maganar ta kai kunnen Shugaba, mace mai kirki amma mai son a gama aiki a tashi. Ga shi kuma an kawo musu sabon littafi na koyar da haƙar rijiya, masu fassara suna jira. Ta kira Auta ta tura ƙofa. Ta ce ita ba ta ga abin wahalar da kai ba. Yawancinsu ai sunayen ƙasa ne, a rubuta cewa wani nau'in ƙasa ne da masu haƙa ke samu, a sa kore, a wuce wurin. Wa ya rage a duniya da zai zo ya ƙaryata? Kalmomin mahaifinki su samu wurin zama, in ji ta, ke ma ki samu barci.

Auta ta ce, ranki ya daɗe, a cikin kalmomin nan akwai wadda ake faɗa in bango zai zubo. Ta ji Baba ya yi zancenta da kunnenta, amma ba ta san wacce ce a cikinsu ba. In ta sa mata kore da sunan ƙasa, gobe mai fassara zai ɗauke ta da zuciya ɗaya ya sa a shafin da ke cewa a ci gaba da haƙa, kuma akwai ɗan wani a ƙasan ramin. Shugaba ta ajiye biro. Daga baya ta ce to, ta yafe mata zuwa ofis, ta je ta yi abin da za ta iya da kwanakin da suka rage.

Hanya ta uku Inna ce ta jawo ta, ba da niyya ba. Maƙwabcinsu yana haƙa harsashin gini, ta bi ta wurin, ta shigo ɗaki da ƙasa a takalmi. Baba ya kafe takalmin da ido, ya miƙa hannun hagu yana cewa to, to. Inna ta ce yau kuma me, takalmina za ka sa? Auta tana wurin. Ta kankaro ƙasar ta zuba masa a tafin hannu. Ya murza, ya kai hanci, ya taɓa a harshe. “To” ɗin da ya faɗa bayan nan ba irin na kullum ba ne, na mutumin da ya gamu da tsohon sani ne. Auta ta zaro takarda ta fara karanto kalmomin a hankali. Tana kai wata, ya damƙe mata wuyan hannu.

Tun daga ranar duk inda ake haƙa a garin sai ka ga Auta. Wurin masu gini, wurin masu burtsatse, gefen titin da aka tsaga, har ma'aikatan suka saba da ita suna ce mata mai gwangwani. Takan roƙi ƙasar zurfi kaza, ta zuba a gwangwanin madara, ta manna takarda. Da azahar ta zo ta zauna bakin gado, ta zuba masa ɗaya a hannu, ta karanto jerin tun daga farko har sai ya matsa. Gwangwani ɗaya yakan ci minti arba'in. Bayan kwana uku ta sake kawo shi, ta birkita jerin, don ko uban nata ba ta ɗaga masa ƙafa ba. Shi ma bai so a ɗaga masa ba. Makon farko har zama yake tashi yi, Inna ta tokare shi da matashi. Ran da ta kawo masa yashin gini na sama-sama, ya murza sau ɗaya ya watsar a ƙasa, ya harare ta irin hararar nan ta wa kika raina. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, rabonta da dariya tun kafin asibiti. A haka aka samu ashirin da uku, kowacce ta zo daidai sau biyu.

Amma ƙara ba ta shiga gwangwani. Iskar ƙasan rami ba ta shiga, gumin bango ma haka. Ta gwada kwaikwayon ƙara da baki, ta ƙwanƙwasa kwano, ta zubo tsakuwa a faranti, Baba yana kallonta kamar yana tausayinta. Ga shi kuma ƙarfinsa ya fara ja baya. Sai barci ya ɗauke shi a tsakiyar jeri, ya farka a firgice ya matsa inda ba nan ba, ya gane ya yi kuskure, ya juya fuska bango.

Wata rana ta kawo wata ƙasa mai sanyi, fara-fara, daga wani rami mai zurfi. Yana taɓa ta idonsa ya kawo haske. Ya san ta sarai. Auta ta karanto jerin daga farko har ƙarshe, bai matsa ba. Ta sake, bai matsa ba. Ashe sunan wannan ba ya cikin takardarta, tun a hirar ƙofar gida bai faɗo ba. Baba ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kokawa da abin da ke kan harshensa. To, in ji shi. To. To. Hawaye suka gangaro ta ɓarin da ke motsi da wanda ba ya motsi, ƙasar tana damƙe a hannunsa.

Inna ta buɗe masa hannu ta share, ta gyara masa kwanciya. Sannan ta ja Auta waje, bakin famfo, inda ba zai ji ba.

Ta ce, “Mako uku ke nan kina shigowa ɗakin nan, ban ji kin ce masa ya jiki ba. Gwangwani kike fara ajiyewa. Shekara bakwai yana jiranki da bakinsa, sai yanzu da babu bakin kike matsa masa. Shi ba zai ce miki ya gaji ba, ko da bakin ma ba zai ce ba, na san mijina. To ni na ce. Ki kwashe ƙasar nan daga ɗakina.”

Auta ta koma ɗakin. Ta kwashe gwangwanayen ta kai bayan gida. Saura kwana takwas a rufe rumbu, saura kalma ɗari da saba'in.

Kwanakin nan ta riƙa zuwa hannu sake. Ta yanke masa farce, ta shafa masa mai a hannun da ya shanye, ta ba shi labarin tela na ƙasan ofis da mai tabarau da rigimarsu a kan tsintsiya. Yana saurare, amma idonsa kullum yana kan jakarta. Ana gobe za a rufe, ya miƙa hannun hagu ya nuna jakar, ya ƙi saukewa. Ta dubi ƙofa, Inna tana can tana wanki. Ta zaro takardun.

Ta ce, “Ba tambaya zan yi ba, Baba. Karanta maka kawai zan yi.”

Ya lumshe ido. Ta fara, a hankali, ba biro a hannunta. Kowace kalma ta faɗa sai wani abu ya gilma a fuskarsa. Wata ya ɗaure fuska. Wata ya gyaɗa kai kamar an gaishe shi. Wata hannunsa ya motsa a kan zane kamar mai laluben bango. A wata kuma ya ja numfashi ya riƙe, har sai da ta wuce ta sannan ya sauke. Can wajen ƙarshe ta faɗi wata 'yar gajera, sai Baba ya fashe da dariya. Dariya ta gaske, da rabin baki, gado yana girgiza, har tari ya sarƙe shi. Inna ta shigo da gudu da kumfa a hannu tana tambaya lafiya. Auta ta maimaita kalmar, ya sake kecewa, hawaye na zuba. Inna ta ce shekara hamsin tana tare da mutumin nan ba ta taɓa jin wannan kalma ba, ko wace ɓarna suka yi a ƙasan rami oho musu. Su ma suka kama dariya, su biyu, ba su san abin da suke wa dariya ba. Daga baya Auta ta tambayi Yaya, bai sani ba. Ta tambayi Dogo, wannan karon ya ce mata gaskiya, shi ma bai sani ba.

Washegari da safe ta je ofis. Injiniya ya riga ta zuwa, ranar ba tsokana ko ɗaya. Ya nuna mata lissafin a allon kwamfuta: daga cikin na Baba, arba'in da huɗu za su ƙaura, ɗari da saba'in za su tsaya. Ya ce in ba za ta iya ba shi zai danna. Ta ce a'a, ita ta sa hannu a dokar, ita za ta danna. Ta danna. Abin bai kai minti ashirin ba. Da ya gama, Injiniya ya sunkuya ya zare wayar tsohon injin, fankarsa ta ɗan ƙara juyawa ta tsaya.

Baba ya ƙara wata huɗu a duniya, magana ba ta dawo ba, ya cika wata rana da la'asar Auta tana riƙe da ƙafarsa. Inna ta koma gidan Auta da zama, tana nan har yanzu, ƙafa ce kawai ke damunta. Yaya bai samu jana'izar ba, yana hanya, ya iso bayan kwana biyu, kuma har yau tuƙin yake yi. Dogo ya rasu shekarar da ta biyo. Littafin haƙar rijiya ya fito da kalmomi arba'in da huɗun nan a cikinsa, sauran wuraren masu fassara suka cike da dogon bayani. Shugaba ta yi ritaya, Injiniya ya samu wani aiki a wani gari. Auta tana nan a saman benen, ita ke riƙe da rumbu. Kalmomi ɗari da saba'in ɗin suna cikin aljihun teburinta a takarda biyar, kuma duk mai haƙa rijiyar da ta gamu da shi takan karanta masa, ba a dai samu wanda ya san su ba.